Kafin ka sayi jakar goyon dogon madubi

Ƙannena masu ɗaukar hoto, akwai wani abu da na daɗe ina gani a wajenku, kuma ba zan faɗe shi da izgili ba, don ni ma na yi shi lokacin ina kamar ku. Yaro zai shekara biyu yana tari, ya shiga adashi, ya ɗauki hoton biki da suna da saukar karatu, ya ɗaure cikinsa, har Allah Ya hore masa dogon madubin kyamara, irin wanda ke janyo shaho daga ƙololuwar rimi ya ajiye maka shi a gaban ido. Ranar da kaya suka iso, sai ya naɗe madubin da tawul, ya cusa a jakar da ya gama sakandare da ita, ya haye babur. In ka ce masa, "Malam, ina jakar wannan kaya?" sai ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Yaya, kuɗin duk sun ƙare a madubin. Jaka sai a hankali."

Tawa "a hankalin" a bakin wata fadama ta ƙare. Na tsallaka wani ɗan kwari ke nan, ɗinkin hannun jakar ya ɓalle, kaya suka sauka a kan busasshiyar laka mai tauri kamar siminti. Gilashi bai fashe ba, har na fara hamdala. Da na ɗaga kyamarar sai na ga bakin da ke haɗa ta da madubin ya ɗan karkace, kowane hoto gefe ɗaya garau, ɗaya gefen dishi-dishi. Abin da gyaran ya ci ya ninka kuɗin jakar da na yi ta ƙyashin saya, ga watannin da na yi ina kallon tsuntsaye da ido kawai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni ma na sani, na dai yi kamar ban sani ba.

Mu fara da sanin abin da za a goya. Madubin Sigma mai 150-600mm, ƙirar mai sauƙin nauyi wadda yawancinku ke farawa da ita, ya kusa kilo 2, tsawonsa santimita 26. Na Nikon mai 200-500mm kilo 2.3 ne, tsawonsa kusan santimita 27. Na Sony mai 200-600mm ya ɗan haura kilo 2, amma ya kai santimita 32, domin shi ba ya miƙewa ba ya komawa, yadda yake a hannu haka yake a jaka. Sai manyan gida, irin 600mm f/4 na Canon: ƙirar 2018 kilo 3 da ɗan ɗoriya, wadda ta gabace ta kusan kilo 4, tsawo santimita 45, kaurin baki kusan santimita 17. Wannan kaurin ba ado ba ne. Raba 600 gida 4, ka sami 150, wato dole gilashin gaba ya kai faɗin santimita 15 kafin ya tara hasken da aka yi alkawari. Ka ɗora kyamarar kanta, wajen kilo 1. Ka ɗora ƙafafun kyamara da kan da ke juya madubin, kilo 3 ko fiye. Ga batura, ga ƙaramin madubi na biyu, ga ruwan sha wanda kowace lita kilo guda ce, ga jakar kanta wadda ko babu komai a ciki takan kai kilo 2 zuwa 3. Kafin ka ankara ka wuce kilo 10. Masu yawon duwatsu suna da wata ƙa'ida ta kimantawa, cewa kada kayan baya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai goyon. Saurayi mai kilo 60 iyakarsa ke nan kilo 12, kuma wannan a kan hanya mai kyau ne, ba a yashi ko taɓo ba.

Saboda haka, abu na farko da za ka tafi da shi kasuwa shi ne tef ɗin awo na tela. Ka haɗa kyamara da madubi yadda za ka yi aiki da su, ka kifa hular madubin ta koma baya, ka auna tun daga murfin gaba har bayan kyamara. Za ka ga an sami ƙarin santimita 7 zuwa 9 a kan tsawon da aka rubuta a kwali. In kana sa ɗan zoben nan mai ƙara nisa a tsakani, shi ma ka auna da shi. Sannan ka auna faɗin hular, don ita ce ta fi komai kauri, kuma ita ce ke hana zif rufewa. In kyamararka mai tudun batir ce a ƙasa, tsayinta yakan kai santimita 16, jaka mara zurfi za ta riƙa tokarinka da ita a gadon baya. Waɗannan lambobi uku, tsawo da faɗi da zurfi, su za ka gwada da awon cikin jaka. Awon waje da adadin lita da masu talla ke rubutawa da manyan baƙaƙe ba za su gaya maka komai ba. Na sha ganin jaka mai lita 30 ta ƙi karɓar madubin da mai lita 24 ta haɗiye, don ɗaya gajera ce mai tumbi, ɗaya doguwa siririya.

Me ya sa na nace a auna da kyamara a haɗe? Domin a daji, duk lokacin da ka raba su ka buɗe wa ƙura ƙofa, kuma gauraka ba za ta jira ka gama ɗaure-ɗaure ba. Jakar da sai ka warware kaya kafin su shiga, da sannu za ka fara jin ƙyuyar mayar da su, ka riƙa yawo da madubi a rataye a wuya, jakar kuma tana baya babu komai sai biskit.

Wadda ta yi yawa ma matsala ce. Madubin da ke da filin rawa a cikin jaka, kowane rami motar ta faɗa sai ya ƙwalu. Ana so sassan soson nan na ciki su riƙe shi ta gefe biyu, da wani madauri da zai ɗaure shi a tsakiya, da ɗan matashi a ƙarƙashin wuyansa kusa da kyamara, don kada nauyin kilo 2 ya riƙa lanƙwasa bakin haɗin nan da na ba ku labarinsa. Ka danna gindin jakar da yatsa. In ka ji ƙasa ta cikin soson, ka ajiye ta.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. Yawancinku cikin jaka kuke dubawa, ku ƙirga aljihu, ku ja zif, ku ce ta yi. Ni bayanta nake fara juyawa, ɓangaren da zai kwanta a jikina, don madubi ba ya ciwon baya, ni ne mai yi. Kuma ilimin wannan abu yana cikin gidajenmu tun kafin a ƙera kyamara. Ku dubi yadda iyayenmu mata ke goyo. Uwa ba ta rataye yaro a kafaɗa ya riƙa reto. Sai ta sunkuya, ta manna shi da gadon bayanta, ta ɗaure zane a ƙirji, sannan ta kawo majanyi ta tallafo mazaunansa ta ɗaure tam a ƙugu. Da haka za ta yi daka, ta je rijiya, ta dawo, yaro na barci. Zanen sama hana shi faɗawa baya kawai yake yi, majanyin ne ke ɗauke da nauyin ya sauke shi a kan ƙashin ƙugu, daga nan ƙafafu su karɓa.

Jakar goyo ta ƙwarai haka take. Ɗamarar ƙugu ita ce majanyi: mai faɗi, mai tauri, mai soso, wadda za ta zauna a kan ƙasusuwan nan biyu na gefen ƙugu ta karɓi mafi yawan nauyin. Siririn bel mai kamar igiyar wando da ake liƙa wa wasu jakunkuna ba ya ɗaukar komai. Amma ɗamara ita kaɗai ba ta isa ba, sai jakar tana da ƙashin baya, wato sandar alminiyam ko faifan roba mai tauri a ɓoye cikin bayanta, wanda zai gangaro da nauyin har ƙugu. Wani Ba'amurke mai hawan duwatsu, Greg Lowe, shi ya shahara da ƙera irin wannan jaka mai ƙarfe a ciki a 1967, kuma daga sunansa jakunkunan Lowepro suka samo nasu. Gwajin mai sauƙi ne: ka kama jakar sama da ƙasa ka yi ƙoƙarin ninke ta. In ta ninku kamar tabarma, duk nauyin a wuyanka da kafaɗunka zai ƙare, kuma kafin azahar hannuwanka za su fara rawa. Mai riƙe 600mm kuwa, ƙaramar rawar hannu ta isa ta mayar masa da tsuntsu inuwa.

Sai tsawon bayanka, wanda ba ɗaya yake da tsayinka ba. Ka sunkuyar da kai, ka lalubo ƙashin nan da ya fi fitowa a gindin wuya, wani ya auna maka daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Yawancin manya sukan faɗa tsakanin santimita 40 da 55. Mutum biyu masu tsayi ɗaya sai ka ga wani dogon baya gajerun ƙafafu, wani akasin haka. Jakar da ta gaza bayanka, ɗamararta a cibiya za ta tsaya tana matse maka numfashi. Wadda ta fi shi, hannuwanta za su riƙa shawagi a saman kafaɗa. Shi ya sa mai hannuwan da ake iya matsarwa sama ko ƙasa ta cancanci ƙarin kuɗinta. Ƙannena mata da suka shigo wannan fage, ku kun fi kowa buƙatar gwadawa, don akasarin jakunkunan nan a jikin maza aka yanka su. Ku duba inda madaurin ƙirji ya faɗo, in ba ya matsawa sama, ku nemi wata.

Kada kuma kunya ta hana ka gwaji a gaban mai shago. Ka je da kayanka, ko ka zuba robobin ruwa daidai nauyinsu, mafi nauyi manne da baya. Ka fara ɗaure ƙugu, sannan ka ja hannuwa, sannan 'yan igiyoyin nan biyu na saman kafaɗa masu janyo jakar jikinka. Ka zagaya layin, ka hau bene, ka durƙusa ka miƙe. Jiki magayi. Ƙafafun kyamara kuma a tsakiyar jaka ya fi dacewa a ɗaure su. In dole a gefe ne, to ruwan sha ya koma ɗaya gefen. Mai jaki ma ba ya cika mangala ɓangare ɗaya.

Ta ina jakar ke buɗewa? Ni na fi son mai buɗewa ta baya, irin Flipside na Lowepro ko BackLight na MindShift, saboda dalili biyu da duk na ƙasarmu ne. In ka ajiye ta a ƙasa don ciro kaya, fuskarta ce ke kwanciya a taɓo ko ƙarangiya, ɓangaren da zai koma jikin rigarka yana sama tsaf. Na biyu, duk wanda ya taɓa shiga cunkoson Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya san hannu nawa ke yawo a bayansa. Zif ɗin da ke manne da gadon bayanka ɗan sane ba shi da hanyar kai masa. Mai aiki daga cikin mota kuma, irin zagayen da ake yi a Yankari, zai fi jin daɗin jaka mai ƙofa biyu kamar fukafukai, irin Kiboko na Gura Gear, wadda ake buɗe rabi a bar rabi a kan kujera ɗaya. Dogayen jakunkunan nan masu kama da turmi, irin Lens Trekker, na manyan madubai ne masu 500mm da 600mm f/4. Mai Sigma ko Tamron da ya sayi irinta ya ɗauko wa kansa dakon iska.

Masu ƙera waɗannan jakunkuna ruwan sama da ƙanƙara suke tunani. Mu kuwa babban abokin gabarmu ƙurar hunturu ce, kuma daidai lokacinta ne tsuntsayen Turai ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, lokacin ne kuma ciyawa ke bushewa a Yankari har a iya hango gwanki da ɓauna a kusa da kogin Gaji. Wato lokacin aiki shi ne lokacin ƙura. Madubin da ke miƙewa yana komawa kamar zugazugi yake, yana shaƙar iska da abin da ke cikinta. Ka nemi zif mai leɓe a kansa ko mai rufin roba, babba mai ƙarfi. In ka ga tambarin YKK a kan maɗaurinsa alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana yin jabunsa. Rigar ruwan da ke zuwa da jaka ka riƙa sa mata ita ko babu hadari, musamman a bayan buɗaɗɗiyar mota. Amma ka sani rigar nan yayyafi da ruwan sama take tarewa. In za ka shiga kwalekwale a Nguru, ka sa kayan cikin jakar roba mai naɗe baki wadda ruwa ba ya shiga, sannan ka sa ta cikin ta goyon.

Da damina ta kankama sai wata ɓarna ta ɓoye ta taso. Jakar da ta sha zufa da raɓa, aka rufe madubi a cikinta aka tura ƙarƙashin gado, gonar fumfuna ce. Wata rana za ka haska fitila ka ga wasu zarurruka kamar saƙar gizo a cikin gilashi, kuma in sun daɗe sukan ci fentin da ke kansa, ko an goge tabon yana nan. Jaka ta tafiya ce. Ka dawo gida, ka fitar da kaya, ka shanya ta a inuwa. Madubin kuma ya kwana a akwatin roba mai rufuwa gam tare da ƙullin silika, 'yan tsakuwoyin nan da ake tsinta a kwalin sabon takalmi, a riƙa busar da su da zafi in sun ƙoshi. Masu hali sukan sayi kabad mai tsotse laima su tsayar da shi tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. In kuma ka fito daga ɗaki ko mota mai sanyin na'ura zuwa zafi mai laima, ka bar kayan a rufe cikin jaka su ɗan yi ɗumi, in ba haka ba gilashi zai yi gumi.

Batun launi kuwa ba na kwalliya ba ne a nan. A hotunan Turawa za ka ga jaka da rigar madubi masu zanen kakin soja, ka ji sun burge ka. Kada ka kuskura. Rundunar sojan Najeriya ta sha gargaɗin farar hula a kan amfani da irin wannan zane, kuma ka kwatanta kanka a shingen bincike da magariba, da jaka mai kakin soja, a cikinta wani dogon baƙin abu mai kama da bututu. Ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu mara zane sun wadatar. A shinge kuma ka yi sallama, ka faɗi abin da ke ciki kafin hannunka ya kai ga zif, katin shaidarka yana aljihun waje. Baƙi wuluk da shuɗi mai duhu su ma suna da nasu aibin: baƙi na tara zafin rana, kuma waɗannan launuka biyu su ne ƙudan tsando ya fi bi, har tarkonsa da su ake yi. Babban tambarin kamfani a fuskar jaka ma na fi son a rufe shi. Ba kowa ya kamata ya san abin da ka goyo ba.

A tasha, kada ka bari yaran mota su jefa jakar but a ɗora mata buhun masara. A cinyarka za ta zauna, in ta kama ka biya kuɗin kujera biyu ka biya. A jirgin sama ma da ita za ka shiga. Kamfanoni da yawa kilo 7 suke ƙayyade wa jakar hannu, tsawo kuma wajen santimita 55, don haka mai yawan tafiya ya sa wannan a lissafinsa tun a shago. Baturan ajiya dama doka ta ce a hannu ake riƙe su, ba a sa su cikin kayan da ke shiga ƙasan jirgi.

Af, kafin na manta. Wanda zai kwana a sansanin Wikki na Yankari ya raba abinci da jakar kyamara. Gwaggon biran wurin sun san jaka, sun san leda, kuma ba ruwansu da ko madubi ne a ciki. Su dai sun ji ƙanshin burodi, za su fizga su haye bishiya su zazzage. Robar ruwa ma aljihun waje ne wurinta.

Na san abin da ke ranka: duk wannan da wane kuɗi? Jakar asali tana da tsada, kuma kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, fuska sumul, ɗinki layi ɗaya. Tsohuwar asali ta gwanjo ta fi sabuwar jabu sau goma, in dai ka bincike ta. Ka sunsuna cikinta, in tana warin fumfuna ka bar ta ko kyauta ce. Ka shafa rufin ciki, in yana danƙo ko yana ɓarewa kamar garin tuwo, kwananta ya ƙare. Ka ja hannuwan da ƙarfi ka dubi inda aka ɗinke su da jiki, don nan tawa ta ci amanata. Akwai kuma wata hanya da na fi ba mai ƙaramin ƙarfi shawara a kanta. Ka shiga 'yan gwanjo, irin na Ƙofar Wambai, ka nemo jakar masu hawan duwatsu mai ƙashin baya da ɗamara ta gaske. Sau da yawa goyonta ya fi na jakar kyamara daɗi. Sai ka kai wa mai ɗinkin kushin madubinka da awonsa ya yi maka kube daidai jikinsa, da soso mai tauri irin na silifas. Kada ya sa na katifa, shi yana shan ruwa yana kuma marmashewa. Kamfanoni irin F-stop a kan wannan dabarar suka gina kasuwarsu, jaka daban, akwatin ciki daban. Aibinta ɗaya, ciro kaya ta sama yana ɗan ɗaukar lokaci.

Kai da ke tara kuɗin madubi yanzu, ka sa kuɗin jaka cikin adashin tun daga zubin farko. Kai kuma da madubinka ke naɗe cikin tawul a daren nan, ka ari tef wajen telan unguwarku gobe da safe, ka auna shi, ka sa a auna maka bayanka, ka rubuta lambobin a takarda kafin ka nufi kasuwa.